Giɓin Shekara Uku a Takardar Luqman

Luqman Pettway ya shigo ofishina na masallaci ranar wata Laraba bayan sallar Azahar, a makon ƙarshe na watan Fabrairu, yana riƙe da takarda guda ɗaya a cikin leda don kada dusar ƙanƙara ta jiƙa ta. Shekara talatin da ɗaya ke nan da sanina da shi a nan Toledo. Ni na ɗaura masa aure da Sakinah, ni na raɗa wa 'yarsu Nadirah suna, kuma ni na sallaci gawar Sakinah a watan Oktoban da ya gabata, Allah Ya haskaka makwancinta. Tun daga ranar jana'izar yakan yi sallarsa a ƙarshen sahu, ya fice kafin a gama gaisawa. Wannan ce rana ta farko da ya ja kujera ya zauna a gabana.

Ya shaida mini cewa wani kamfani mai kula da manyan gine-gine a tsakiyar gari ya kira shi intabiyu ranar Litinin da ƙarfe goma na safe. Mutum suke nema da zai riƙa lura da injinan da ke ɗumama gini lokacin sanyi, su sanyaya shi lokacin zafi. Wannan kuwa aikin hannunsa ne, domin shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injina a masana'antar gilashi kafin ya ajiye aiki. Na yi masa murna, na yi addu'a, ya shafa. Amma na san abin da ke rataye a kan wannan Litinin ɗin ya fi aikin kansa nauyi.

A watan Janairu ya zame a kan ƙanƙarar matakalar gidansa, ya kwanta a wurin kusan rabin sa'a bai iya tashi ba, har mai raba wasiƙu ya zo ya tarar da shi. Nadirah, wadda ke aikin jinya a Houston, ta hawo jirgi washegari. Kwana uku suka yi suna ja-in-ja, a ƙarshe suka tsaya a kan magana guda: in har ƙarshen Maris ya zo bai sami aikin da zai ba shi inshorar lafiya ba, aikin da za a neme shi in an ga bai zo ba, to zai sa gidan a kasuwa ya koma wurinta. Ya ba ta alkawari, shi kuwa ban taɓa sanin ya warware alkawari ba. Wurare sama da arba'in ya aika wa takardarsa tun daga lokacin, waɗannan kaɗai suka kira. Ba gidan ne ya riƙe shi a Toledo ba, ba kuma mu ba ne. Kabarin Sakinah ne, a sashen Musulmi na maƙabartar da ke yamma da gari, tafiyar minti ashirin a mota, inda yake zuwa kowace Juma'a in an sauko daga masallaci.

Ya zaro takardar daga leda ya miƙo mini. Tarihin aikinsa ne, an buga shi tsaf, kowane inji da sunansa. Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe, inda aka rubuta shekarar da ya bar masana'anta. Daga nan zuwa gindin takardar fari ne fes.

Na san abin da ke cikin wannan farin, domin a gabana aka yi. Sakinah ta faɗi a kicin wata safiya, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Masana'anta ta ba shi hutun mako goma sha biyu. Da makonnin suka ƙare, ya ga ba ta yarda baƙon hannu ya yi mata wanka, takan juya fuska bango ta yi ta hawaye in ma'aikaciya ta shigo, sai ya je ya miƙa makullin akwatin kayan aikinsa ya dawo gida. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta kowace sa'a biyu don kada bayanta ya yi gyambo, shi ke yi mata alwala ya karkata gadon ya fuskanci alƙibla. Da waɗannan manyan yatsun nasa, waɗanda baƙin mai ya zauna a tsagoginsu, ya koyi kitso a wurin wata maƙwabciyarsu, domin Sakinah ba ta son a shigo duba ta kanta a tsefe. Haka suka yi shekara uku da wata biyu.

A ofishin samar da aiki na gunduma an haɗa shi da wata mata mai suna Misis Dombrowski, wadda aikinta ke nan shirya mutane don irin wannan ganawa. Ya yaba mata ƙwarai, ya ce mace ce mai kirki da haƙuri. Ita ta cire shekarar da ya gama sakandare daga takardar don kada a lissafa shekarunsa hamsin da tara. Ta koya masa ya isa wurin minti goma sha biyar kafin lokaci, ya riƙe hannun mutum da ƙarfi, ya dubi tsakiyar ido, ya daina cewa "mun gyara" ya riƙa cewa "na gyara". Game da farin nan kuwa, ta ce lalle za su tambaya, kuma nan ne mutane irinsa suke faɗuwa. Kada ya ambaci ciwo, kada ya ambaci mutuwa. Mai ɗaukar aiki in ya ji maganar ciwo sai ya fara tunanin ranakun fashi. In ya ga hawaye kuwa ba zai san inda zai sa idonsa ba, kuma ba wanda ke ɗaukar mutumin da ya sa shi rasa inda zai sa ido. Ta rubuta masa abin da zai faɗa a bayan katinta. Ya juyo katin ya karanta mini:

"Na ɗauki lokaci don in kula da wata matsala ta iyali. Yanzu matsalar ta kau gaba ɗaya, kuma a shirye nake in ba aiki dukan lokacina."

Bayan haka, in ji ta, sai ya yi murmushi, ya koma maganar injina nan take.

"Liman, abin da ya kawo ni ke nan," ya ce. "Wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?"

Na karɓi katin na duba shi yadda aka koya mana duba mas'ala, kalma bayan kalma. Malamai sun bambanta tsakanin faɗin abin da ba haka yake ba da rufe abin da ba dole a bayyana ba, kuma ba a wajabta wa mutum ya buɗe cikin gidansa ga wanda ba shi da haƙƙi a kai ba. Ciwo matsala ce, babu shakka. Ya kau, babu shakka, ta hanyar da Ubangiji Ya ƙaddara. Na ce masa babu ƙarya a ciki, ya faɗa da zuciya ɗaya. Har yau ina ganin hukuncin daidai ne. Abin da ban yi ba shi ne in ɗaga kai daga katin in dubi mutumin da nake ba wa hukuncin.

Ya roƙe ni in zama masa mai tambaya, domin Misis Dombrowski ta ce a yi ta maimaitawa da wani har harshe ya saba. Kwana huɗu muka yi muna wannan bayan La'asar. Yakan fita ya ƙwanƙwasa ƙofa, in ce ya shigo, ya zo ya riƙe hannuna. Ranar farko sai da ƙasusuwan yatsuna suka yi ƙara.

"Malam, aiki kake nema ko kokawa?" na ce.

"Kai dai yi tambayarka, Liman. Mutumin da rabonsa da neman aiki tun ana jefa tsaba a wayar bakin titi, shi ne zai koya mini gaisuwa."

Na tambaye shi inda yake ganin kansa nan da shekara biyar, kamar yadda takardar tambayoyin ta nuna. Ya ce wanda bai san ko zai kai Magariba ba, ina shi ina shekara biyar. Muka yi dariya, sannan ya gyara zama ya ba da amsar da aka koya masa. Wannan ce dariyarsa ta farko da na ji tun Oktoba, kuma na ɗauke ta alamar alheri. Da muka zo kan tambayar giɓin kuwa, ranar farko ya kai "wata matsala" ya tsaya, ya nemi ruwa. Rana ta biyu ya kai ƙarshe, idonsa a kan kafet. Na ce ya ɗago ya sake. Ran Asabar maganar ta fita sumul, ran Lahadi murmushin ma ya zo a wurinsa. Na ce masa ya iya. Ni na ce masa haka, har da dafa masa kafaɗa.

Ranar Litinin ni na kai shi, domin tsohuwar motarsa ba ta da tabbas in sanyi ya tsananta. Ya fito cikin kwat ruwan toka, wanzami ya rage masa gemu, takalmansa na fita suna cikin jaka daban don kada gishirin titi ya ɓata su. A cikin mota ya sauya. Mun isa goma saura ashirin. Ya zauna minti biyar yana motsa leɓe, ban sani ba ko addu'a yake yi ko bitar kati, sannan ya yi bismilla ya fita. Na tsaya a wurin ajiye motoci da carbina. Misis Dombrowski ta ce in an wuce rabin sa'a alama ce mai kyau. Sa'a ɗaya da minti goma ya yi a ciki.

Da ya fito, wani dogon matashi ya rako shi har ƙofar gilashi, suna dariya, suka sake riƙe hannu. Na yi hamdala a zuciyata. Ya shigo mota ya rufe ƙofa, bai sauya takalman ba. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce an yi lafiya. Da muka kusa gada ya ce in ratse wajen kogi. Na tsaya a wani fili da ke kallon ruwa, inda ƙanƙarar ta fara tsagewa tana tafiya falle-falle, na bar injin a kunne saboda ɗumi. A nan ya ba ni labari, idonsa a kan ruwan.

Matashin nan shi ne shugaban sashen gyare-gyare, Mista Haverkamp, sa'an Nadirah ko ya ɗan girme ta. Komai ya tafi yadda aka tsara. Bayan tambayoyi ya sauka da Luqman ɗakin injina da ke ƙarƙashin ginin, abin da ba a yi wa wanda ba a so. Suna shiga Luqman ya tsaya ya karkata kunne, ya nuna famfo na biyu, ya ce ƙarfen da ke juyawa a cikinsa ya fara cinyewa, ba zai kai lokacin zafi ba. Mista Haverkamp ya ce wata guda ke nan suna neman inda wannan ƙarar ke fitowa. Da suka hawo sama ya tambaye shi lambar rigarsa, domin kamfanin ke ba ma'aikata riga mai suna a ƙirji. Ya ce akwai mutum biyu da suka rage a gani, don cika ƙa'ida, amma ya sa ran waya kafin Juma'a.

"To ai sai godiya," na ce.

"Ya tambayi shekara ukun, Liman."

"Ka faɗi abin da muka shirya?"

"Na faɗa. Ko tuntuɓe ban yi ba. Murmushin ma na yi." Ya goge gilashin gefensa da bayan hannu. "Sai ya ce, 'Madalla, na ji daɗi da abin ya wuce.' Ni kuma na ce masa, 'Ni ma.'"

Ya ci gaba, idonsa a kan ruwan.

"Ba ya cikin katin. Ba wanda ya koya mini shi. Ina kallon tsakiyar idonsa, haƙorana a waje, na ce ni ma na ji daɗi. Sakinah fa, Liman."

Ya kifa goshinsa a kan allon gaban mota. A ranar jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓe ta da hannunsa, ya fito ya tsaya ana yi masa ta'aziyya, idonsa a bushe, har wasu suka yi mamakin dauriyarsa. Kukan da bai yi ba ran nan, a motata ya yi shi, cikin kwat ruwan toka, kafaɗunsa na jijjiga. Na sa hannu a bayansa na bar shi.

Da ya lafa na faɗa masa abin da na sani. Na ce Mai rahama ba Ya kama bawa da abin da ya suɓuce daga harshe ba da nufi ba, kuma duk juyawar da ya yi mata, duk alwalar da ya yi mata, suna rubuce a wurin da ba a mantuwa. Ya saurare ni da ladabi har na gama.

"Na san Allah Ya sani," ya ce. "Yaron can ne bai sani ba. A garin nan yanzu akwai mutum guda da ya ji daga bakina cewa na yi murna da tafiyarta, kuma shi zan riƙa gaisarwa kowace safiya, da sunana a ƙirji."

Na ce masa matashin bai ma san wace irin matsala ba ce. Wataƙila ya ɗauka rabuwar aure ce ko shari'ar gado, kuma kafin ya ci abincin rana ya manta. Ya ce wannan bai rage masa komai ba. Na kai shi gida.

Abu guda ya rage a cikin tsarin Misis Dombrowski, wato wasiƙar godiya da ake aika wa wanda ya yi wa mutum intabiyu kafin kwana ɗaya ya cika. Ta ba shi samfurinta, layi uku: godiya da lokacin da aka ba shi, ambaton abu guda da aka tattauna, da fatan jin amsa. Ta ce kada ya ƙara ko kalma. Da hantsin Talata ya zo ya zauna a gaban kwamfutar masallaci, yana bugawa da yatsa biyu. Layi uku ba sa cin minti biyar, shi kuwa ya kai har aka kusa kiran Azahar. Sannan ya kira ni in karanta.

Layi ukun suna nan a sama yadda aka tsara, har da maganar famfo na biyu. A ƙarƙashinsu ya rubuta:

"Akwai amsar da na ba ka jiya da nake so in gyara. Ka tambaye ni shekara ukun da babu a takardata, na ce matsala ce ta iyali kuma ta kau. Ba matsala ba ce, matata ce. Sunanta Sakinah. Ta kwanta shekara uku da wata biyu, ni na yi jinyarta, ta rasu ranar goma sha ɗaya ga Oktoba. Ka ce ka ji daɗi da abin ya wuce, na ce ni ma. Ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. Amma ni ban ji daɗi ba. Da za a ba ni wasu shekara ukun irinsu, da na sake ajiye kowane aiki na karɓa. Ina son aikin nan ƙwarai, kuma ba zan yi fashi ba."

Na karanta sau biyu. Sannan na faɗa masa gaskiya, domin ba a yi wa mai neman shawara rufa-rufa. Na ce aikin nan yana hannunsa, kuma wannan wasiƙar tana iya kaɗe shi. In ma lalle sai ya aika, to ya cire layin nan na sake ajiye aiki, domin mai kamfani in ya karanta, shi kaɗai zai gani. Ya ce wannan layin shi ne gaskiyar da ke ciki, sauran bayani ne. Na tuna masa dalilin da ya sa yake neman aikin tun farko. Na ce don ita kake nema, kada ka rasa ta sau biyu saboda kalma biyu da ba wanda ya riƙe sai kai. Ya ce duk ya yi wannan tunanin. Ya tambaye ni ko haramun ne ya aika, na ce a'a. Ya tambaya ko wajibi ne ya bari, na ce a'a.

"To in na zauna a Toledo a kan waccan maganar," ya ce, "da wace fuska zan je mata ran Juma'a?"

Ya danna, wasiƙar ta tafi, muka je muka yi alwala.

Juma'a ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Labarin rigar nan mai suna ya riga ya zaga, domin wanzamin nan ba ya riƙe magana, saboda haka bayan salla mutane suka yi ta yi masa barka. Matan masallaci da ke sayar da soyayyen kifi a ƙofa suka naɗe masa nasa kyauta, har da kek ɗin wake guda. Ya karɓa yana godiya, yana cewa tukuna dai, a ci gaba da addu'a. Na ga yana sallame salla yake kai hannu aljihu ya duba wayarsa.

A kwana na tara amsa ta zo ta imel, layi huɗu. Mista Haverkamp ya yi masa ta'aziyya da kalmomi masu kyau, ya ce sun ji daɗin ganawa da shi, amma sun zaɓi wani da ya fi dacewa da bukatarsu a wannan lokaci, kuma za su ajiye takardarsa. Ban san abin da aka tattauna a ofishin nan ba, ba kuma zan ɗora wa bawan Allah zargin abin da ban gani ba. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin mutum biyun nan ya fi shi. Allah ne masani.

Na raka shi ofishin samar da aiki, nan na fara ganin Misis Dombrowski, dattijuwa mai kimanin shekara sittin, tabarau rataye a wuyanta. Ya miƙa mata wayarsa ta karanta wasiƙar da ya aika. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen rigarta.

"Layi uku na ce maka, Mista Pettway," ta ce. "Layi uku kawai."

Ya ba ta haƙuri, ya ce ya san ya ɓata mata aiki. Ta girgiza kai. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce ita ma da maganar nan ta bayan kati ta sami kujerar da take kai, wata biyar bayan ta binne mijinta, kuma ita ba ta taɓa aika wasiƙar gyara ba. Ta mayar da tabarau, ta juyo kwamfuta, suka shiga neman wasu wuraren. Mako uku suka rage a Maris. Ya aika wa wurare goma sha huɗu, babu wanda ya kira.

Ranar talatin da ɗaya ga wata shi ya kira Nadirah da kansa, bai jira ta kira ba. Ya faɗa mata duk yadda aka yi, ya karanta mata wasiƙar. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta ce, "Baba, ɗakinka a shirye yake." Na ce masa ya bari in yi mata magana ta ƙara masa ko wata biyu, tana jin maganata. Ya hana ni. Ya ce yarinyar ta rasa uwa, kuma tun Janairu in ta kira sau biyu bai ɗauka ba takan bar marasa lafiyarta ta fita waje ta yi ta sake kira. Ba zai sa ta roƙe shi abin da ya riga ya ba ta ba.

A ƙarshen Afrilu aka kafa allon sayarwa a gaban gidan, motar kaya ta riga ta yi gaba. Juma'arsa ta ƙarshe, bayan an sauko, na kai shi maƙabarta. Ƙasa ta saki, ciyawa ta fara fitowa, takalma na nutsewa. Na tsaya nesa kaɗan na bar shi. Ya daɗe a tsaye hannuwansa a ɗage, sannan ya daɗe a tsugune.

Da ya yafito ni na matsa, ya tambaye ni ko addu'ar da aka yi daga Houston tana isowa kamar wadda aka yi a tsaye a nan. Na ce tana isowa, nisa ba ya rage mata komai.

"Na sani," ya ce. "So nake in ji ka faɗa."

Daga nan ya shiga yi mini bayani, a natse, yadda mai barin aiki ke damƙa inji ga wanda zai gaje shi. Ya ce in masu yankan ciyawa sun wuce, injinsu yakan watsa ta a kan dutsen kabarin har ta rufe sunan. Da hannu ake sharewa, ba da tsintsiya mai tauri ba, don kada rubutun ya goge. Ya nuna mini kusurwar hagu, ya ce takan ɗan lotsa bayan ruwa mai yawa. In na ga haka in je ofishin maƙabartar da kaina, kada in buga waya, domin in an buga sai su ce to, ba su zuwa. Ya ce ba lalle kowace Juma'a ba, ya san ina da jama'a, ko sau ɗaya a wata ya isa.

Na ce na ji, kuma in Allah Ya ba ni rai da lafiya zan yi. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa, laka ta ɓata masa wando. Muka nufi mota a hankali, domin jirginsa ƙarfe shida zai tashi daga Detroit, kuma hanyar takan cushe ran Juma'a.